Bayan Kotu Ta Ba Da Yaro: Taimakon da Ma'aikacin Jin Daɗin Jama'a Ke Yi wa Masu Riƙo

Ranar da alƙali ya sa hannu a takarda ya ce wa miji da mata daga yau wannan yaro nasu ne, ranar murna ce. Akan koma gida a ɗora tukunya, 'yan'uwa da maƙwabta su yi ta zuwa barka. Mutane da yawa suna tsammanin a nan magana ta ƙare, ma'aikacin da ya yi wata da watanni yana zirga-zirga a gidan shi ma ya gama nasa, sai a gode masa a sallame shi. To, ba haka abin yake ba. An shirya wannan ɗan littafi ne domin a bayyana wa jama'a, musamman waɗanda suka ɗauki yaro daga gidan marayu ko daga hannun masu riƙo na ɗan lokaci, irin abubuwan da kan biyo baya, da taimakon da ya kamata su nema tun abu bai yi nisa ba.

Riƙon Zumunci da Riƙon Kotu

Riƙo ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kaka da kakanni goggo takan ɗauki ɗan ɗan'uwanta, kaka takan yaye jika ta ci gaba da riƙonsa, matar da Allah bai ba haihuwa ba kuwa dangi sukan ba ta ɗa don ya ɗebe mata kewa. A irin wannan riƙo yaro ya san uwarsa ya san ubansa, yakan je musu yawon salla, in kuwa zama ya yi tsami manya su shiga tsakani, ko a mai da shi gida. Yaron da muke magana a kansa bai sami wannan gata ba. Wani iyayensa sun rasu babu mai ɗaukarsa, wani tsintarsa aka yi an yar, wani kuwa hukuma ce ta raba shi da iyayensa saboda azaba ko sakaci. Kafin ya iso gidan da zai zauna har girmansa, sau da yawa ya bi ta hannu uku ko huɗu, watau daga 'yan sanda zuwa asibiti, daga nan gidan marayu, sa'an nan gidan wasu masu riƙo na ɗan lokaci.

Tsohuwar Jihar Gabas ce ta fara kafa dokar ɗaukar yaro a matsayin ɗa a ƙasar nan cikin 1965, Jihar Legas ta bi baya cikin 1968. Cikin 2003 Majalisar Ƙasa ta zartar da Dokar Kare Haƙƙin Yara, wadda ke aiki kai tsaye a Birnin Tarayya, Abuja. Jihohi kuma suka yi ta kafa nasu dokokin a bisa tsarinta, wasu da gyare-gyare don su dace da addini da al'adun mutanensu. Alal misali Legas ta kafa tata cikin 2007, Kaduna cikin 2018. Saboda haka kowa ya tambayi abin da dokar jiharsa ta ce.

Dokar 2003 ta bambanta abu biyu. Akwai riƙo, inda Kotun Iyali ke danƙa wa mutum yaro ya kula da shi, ba tare da an yanke dangantakarsa da iyayensa ba, kotun kuma tana iya warware wannan umurni. Akwai kuma ɗauka ta dindindin, inda dukan haƙƙoƙi da nauyin iyayen asali ke komawa kan wanda ya ɗauka, a shigar da sunan yaron cikin rajista ta musamman. Ba a ba mutum wannan umurni na biyu sai ya kai shekara 25, ya kuma girmi yaron da aƙalla shekara 21, yaron ya yi wata 3 a jere a hannunsa, sa'an nan ya sanar da ma'aikacin jin daɗin jama'a nufinsa tun wata 12 kafin ranar umurnin. Biyan kuɗi ko karɓar kuɗi don a ba da yaro laifi ne. Musulmi da yawa, saboda hukuncin shari'a da za mu taɓo a gaba, sukan tsaya a kan riƙo, watau kafala, yaro ya zauna da sunan mahaifinsa. Ko ta wace hanya aka bi, yaron dai ɗaya ne, matsalolinsa kuma iri ɗaya ne, don haka abin da ke tafe ya shafi kowa.

Ziyarar Ma'aikaci

Doka ba ta sallami hukuma ranar da aka ba da yaro ba. Ta ɗora wa ma'aikatar da ke kula da harkokin yara nauyin sanin halin da kowane yaron da aka ɗauka yake ciki, ta riƙa aika ma'aikata suna kai ziyara gidan lokaci lokaci, suna ganin yaron da idonsu. Ta kuma ce a tanadi masu ba da shawara ga duk wanda ya gamu da matsala game da ɗaukar yaro.

A nan ne ake yawan samun rashin fahimta. Mai gida yana ganin ma'aikaci a ƙofarsa sai gabansa ya faɗi, ya ce an zo leƙen asirinsa ke nan, ko an zo neman dalilin ƙwace yaro. Sai a yi wa yaro wanka a sa masa kayan salla, a tambayi uwar gida yadda ake ciki ta ce lafiya lau, alhali daren jiya ba ta runtsa ba. Gaskiya ne ma'aikaci yana da ikon kai rahoto kotu in ya tarar ana cutar da yaro, ba kuwa za a ɓoye wannan ba. Amma shi da ya sha wahalar nema wa yaro gida, babu abin da ya fi ƙi kamar ya ga an dawo da shi gidan marayu. Yawancin abin da yake kawowa shawara ce, da sanin inda za a je a sami magani. Wanda ya ɓoye wa likita ciwonsa, kansa ya cuta.

Ya kamata kuma a faɗi wata gaskiya. Ma'aikatan nan ba su da yawa, ga nisan garuruwa, ga ƙarancin abin hawa, saboda haka ziyara takan yi jinkiri. Kada mai riƙo ya zauna jiran a zo. Ofishin a buɗe yake, shi ma yana da ikon ya taka ya je.

Me Ya Sa Yake Yin Haka?

A ce wani mutum da matarsa sun ɗauki yaro ɗan shekara 5. Makon farko kamar ba yaro a gidan, ga ladabi, ga biyayya, abin da aka ce ya yi shi yake yi. Bayan wata biyu sai hali ya sake. Ya soma fitsarin kwance. Ana share ɗaki sai a tarar da guntun tuwo ko ƙosai ya ɓoye ƙarƙashin tabarma har ya yi tsami, ga shi kuwa ana ba shi abinci sau uku yana ƙoshi. A kama shi da abu a hannu ya rantse ba shi ya ɗauka ba. Uwar gida ta jawo shi jikinta ya ture ta, amma baƙon da bai taɓa gani ba yana sallama sai ya ruga ya haye cinyarsa, har ya ce zai bi shi. Wannan na ƙarshe shi ya fi ƙona wa uwa rai. Maƙwabta kuwa nan da nan sun yanke hukunci: wasu su ce halin gado ne, wa ya san ɗan wane ne, wasu su ce iska ce.

Masana sun daɗe da binciken wannan al'amari. Cikin 1951 wani likitan Ingila, John Bowlby, ya rubuta wa Hukumar Lafiya ta Duniya rahoto a kan yaran da suka tashi ba gida, ya nuna cewa jariri yana bukatar mutum guda tsayayye wanda zai shaƙu da shi, kamar yadda yake bukatar nono. Jaririn da ya yi kuka aka ɗauke shi, ya ji yunwa aka ba shi, yau da gobe sai ya gane cewa akwai wanda zai dogara da shi. Wanda kuwa ya yi kuka ba a zo ba, ko yau wannan ta ɗauke shi gobe waccan, abin da yake koya shi ne babba ba abin amincewa ba ne, kowa tashi ta fisshe shi. An ƙara ganin haka bayan faɗuwar gwamnatin Ceausescu a Rumaniya cikin Disamba 1989, sa'ad da aka tarar da dubban yara cunkushe a gidajen marayu ba kulawa. Iyalai a Ingila suka ɗauki wasunsu, Farfesa Michael Rutter da abokan aikinsa suka bi sawun yaran shekara da shekaru. Suka ga waɗanda aka fitar kafin su cika wata 6 yawancinsu sun kamo tsaransu, waɗanda suka daɗe fiye da haka kuwa sun fi fama da rashin natsuwa, da wahalar karatu, da wannan hali na bin kowane baƙo. Duk da haka, ko a cikin waɗanda suka daɗe ɗin akwai da dama da suka warware sarai bayan sun sami gida nagari.

To, in an duba da wannan ido sai a ga halin yaron nan yana da ma'ana. Ladabin makon farko tsoro ne. Ɓoye abinci hali ne na wanda ya taɓa kwana da yunwa, bai kuma tabbata gobe za a ba shi ba. Ƙarya garkuwa ce ga wanda ya saba in ya faɗi gaskiya a doke shi. Tsiwa da ɓarna kuwa sau da yawa gwaji ne: an sha mai da shi, yana so ya ga ko su ma waɗannan za su mai da shi in ya yi laifi. Abin mamaki, yakan fara wannan gwaji ne daidai lokacin da ya soma sakin jiki da gidan.

Aikin ma'aikaci na farko shi ne ya fassara wa iyaye wannan hali. Yakan zauna da su ya ce, "Malam, Malama, ku ba ni labarin ranar da abin ya faru tun daga safe." Sau da yawa a cikin labarin ake gano abin da ke tayar da yaron, wataƙila tafiyar mai gida ce, ko ganin an ɗaure kaya, ko ɗaga murya. Daga nan sai shawara. A tsayar da lokacin ci da na barci kada su riƙa sauyawa. A ba shi ɗan kwano ko gwangwani nasa na kansa mai ɗan abin taɓawa a ciki, ya san ba mai ɗauka, da sannu zai daina ɓoyo. In uwa za ta fita unguwa ta gaya masa inda za ta da lokacin da za ta dawo, ta kuma cika alkawari. A watannin farko a rage miƙa shi hannun baƙi, uwa da uba su ne za su riƙa ba shi abinci, su yi masa wanka, su lallashe shi, har ya gane su wane ne nasa. Fitsarin kwance ba a maganinsa da tozartawa a gaban yara.

Game da bulala, mun san yadda aka rene mu, mun kuma san abin da dattawa za su ce. Amma yaron da ya riga ya sha duka a wani wuri, bulala ba ta koya masa komai sai dai ta tabbatar masa da abin da yake zato. Kalma ɗaya kuwa ita ce ta fi bulala illa, watau a ce masa, "In ba ka daina ba zan mai da kai inda na ɗauko ka." Ko da wasa kada a faɗe ta.

Ma'aikaci yakan kuma tura iyaye asibiti tun a watan farko, don a auna nauyin yaron da tsawonsa, a duba idonsa da kunnensa, a cike allurar riga-kafin da ya rasa, a gwada jininsa saboda sikila, tun da ba a san tarihin lafiyar iyayensa ba. Wani yaron da ake cewa ba ya jin magana, ashe kunnen ne da gaske ba ya ji sosai. Yakan taimaka a sami takardar shaidar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, ya kuma yi magana da shugaban makaranta in ana bukata. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ta wajabta wa kowane yaro shekara 6 na firamare da shekara 3 na ƙaramar sakandare, ba ta ware ɗan riƙo ba. Gidan da 'ya'yan ciki ke tafiya makaranta ɗan riƙo yana talla ko wanke-wanke, wannan ba riƙo ba ne, ma'aikaci kuwa ba zai kau da kai ba.

Ita ma uwar tana bukatar a saurare ta. Wata ta yi shekara 10 tana roƙon Allah ɗa, ga shi ya zo, amma ta duba zuciyarta ba ta ji son da ta yi tsammani ba, sai gajiya da haushi. Kunya ba za ta bar ta ta gaya wa kowa ba, balle dangin miji da tun farko ba su so abin ba. Wannan ba sabon abu ba ne, ba kuma alamar mugun hali ba ce. Shaƙuwa aba ce da ke ginuwa da yau da gobe a ɓangarorin biyu. Ma'aikaci nagari yakan haɗa irin wannan uwa da wata wadda ta riga ta bi ta wannan hanya, gama maganar wadda ta ɗanɗana ta fi shiga kunne.

A Gaya Masa Ko a Ɓoye?

Wannan ita ce tambayar da aka fi yi, amsar masu wannan aiki kuwa ɗaya ce: a gaya masa, tun yana ƙarami, daidai hankalinsa. Asiri irin wannan ba ya ɓoyuwa a unguwa. In iyaye ba su faɗa ba, wata rana yaro zai ji a bakin abokin faɗa a wurin wasa, ko wata 'yar'uwa ta yi masa gori a gidan biki, ko kuwa, wanda ya fi duka muni, sai ya je neman aure dangin yarinya sun shiga binciken asali. Wanda ya ji ta haka, asara biyu ya yi rana ɗaya: ya rasa asalin da yake tsammani nasa ne, ya kuma rasa amincewa da waɗanda suka rene shi.

Ɗan shekara 3 ko 4 ya isa a ce masa, "Wata ce ta haife ka, ba ta sami ikon riƙonka ba, mu kuwa muka nema aka ba mu kai, muka yi murna." Yana girma ana ƙara masa bayani. Kada a zagi iyayensa na asali a gabansa, ko da sun yi abin zagi, domin yaro yakan ɗauka jininsu ne a jikinsa, abin da aka ce da su da shi ake. Kada kuma a ƙaga masa labarin da ba haka ba, kamar a ce sun mutu alhali suna da rai. Ma'aikata a ƙasashe da dama sukan haɗa wa yaro wani ɗan littafi na tarihinsa, da hotunansa, da sunan garin da aka same shi, da gidajen da ya zauna, da waɗanda suka kula da shi. Kowane mai riƙo yana iya yin haka da littafin rubutu na kasuwa. Ma'aikacin da ya riƙe fayil ɗin yaron shi ne zai taimaka da abin da za a rubuta, gara kuwa a tambaye shi tun bai bar wurin ba.

Shekarun Balaga

Iyali da yawa sukan wuce shekarun farko lafiya, su saki jiki, har su manta hanyar ofishin. Cikin 2014 Jami'ar Bristol ta fitar da rahoton binciken da gwamnatin Ingila ta sa aka yi a kan yara fiye da 37,000 waɗanda aka ɗauka daga hannun hukuma tsakanin 2000 da 2011. Aka tarar kimanin 3 cikin 100 ne kawai zaman ya watse har yaro ya bar gidan. Wannan abin ƙarfafa zuciya ne. Amma yawancin waɗanda suka watse ɗin, sun watse ne bayan yaro ya kai shekara 11, haɗarin kuma ya fi yawa ga waɗanda aka ɗauka sun riga sun wuce shekara 4. Ƙasarsu dabam tamu dabam, amma balaga ɗaya ce ko'ina. Lokacin ne kowane yaro ke tambayar kansa shi wane ne, ɗan riƙo kuwa tambayarsa ta fi ta kowa nauyi. Zai iya cewa, "Ai kai ba ubana ba ne." Zai iya neman a kai shi ya ga inda ya fito. Wannan ba butulci ba ne, kada kuma a bar shi ya tafi nema shi kaɗai a ɓoye. A koma wurin ma'aikaci a shirya abin tare, a san abin da za a tarar kafin a je.

In aka ga alamun da suka fi ƙarfin gida, kamar yaro ya riƙa ji wa kansa ciwo, ko maganar kashe kansa, ko shaye-shaye, ko gudu daga gida a kai a kai, ko dukan mutanen gida, to, a gaggauta. Ma'aikaci zai tura su ga likita. Gwamnatin Tarayya tana da asibitocin ƙwaƙwalwa a Kaduna, Maiduguri, Kware ta Jihar Sakkwato, Yaba ta Legas, Aro ta Abeokuta, Inugu, Binin da Kalaba, ban da asibitocin koyarwa na jami'o'i. Zuwa can ba ya nufin yaro ya haukace.

Suna da Gado

Rigimar da ta fi cutar da ɗan riƙo takan tashi ne ranar da mai gida ya rasu. A ƙarƙashin dokar 2003, yaron da kotu ta mai da shi ɗa yana gādon wanda ya ɗauke shi kamar ɗan cikinsa. A shari'ar Musulunci kuwa riƙo ba ya sauya nasaba: yaro yana amsa sunan mahaifinsa in an san shi, ba ya cikin magāda, hukuncin muharramaka kuma bai hau kansa ba sai in matar gidan ta shayar da shi nononta kafin ya cika shekara 2. Amma shari'ar ta buɗe ƙofa biyu, watau kyauta tun mutum yana da rai, wadda za a danƙa a hannu a gaban shaidu, da wasiyya wadda ba ta wuce sulusin dukiya ba. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin yara ta 1989, wadda Nijeriya ta amince da ita cikin 1991, ta ambaci kafala da sunanta a cikin hanyoyin kula da yaron da ya rasa iyali. Ma'aikaci ba alƙali ba ne, ba kuma malami ba, amma zai tuna wa mai gida ya ga lauya ko alƙali ko malami, a rubuta abin da ya yi niyya tun yana da lafiya, a kuma faɗi wanda zai ci gaba da riƙon yaron in ta Allah ta kasance.

Ina Za a Je?

A tafi sashen jin daɗin jama'a na sakatariyar Ƙaramar Hukuma, ko ma'aikatar jiha mai kula da harkokin mata da yara. Mazauna Abuja su nemi sashen kula da yara na Hukumar Birnin Tarayya. A riƙe takardar umurnin kotu, da takardar haihuwa, da katin asibitin yaron, in da hali miji da mata su je tare. Wanda ya ƙaura zuwa wata jiha ya sanar da ofishin da ya ba shi yaron, ya kuma gabatar da kansa a ofishin sabon wurin.

In har zama ya gagara duk da ƙoƙari, kada a miƙa yaron ga wani a ɓoye, kada a kai shi ƙauye a ajiye, kada kuma a sa shi a mota a ce ya koma. Kotu ce ta ba da shi, ita kaɗai ke da ikon sauya masa wuri, ma'aikaci kuwa shi zai kai maganar gabanta. Duk wanda aka yi wa tayin jariri don kuɗi, ko ya san gidan da ake wannan sana'a, ya sanar da 'yan sanda ko hukumar hana fataucin mutane ta ƙasa, NAPTIP, wadda aka kafa cikin 2003.